Fentin ajin nazire: mai kala-kala, fari fat, ko mai sanyin ido?

Duk shekara idan dogon hutu ya kama, masu fenti ba sa samun zama a Kano. Masu makarantun kuɗi ke rububinsu, kowa na so ranar da aka koma iyaye su shigo su tarar da makaranta tana sheƙi. Ajin da ya fi cin fenti kuwa shi ne na 'yan nazire. Bana wata ƙawata da ta buɗe makaranta a gidan haya ta kira ni, ta ce, "Malama, mai fenti ya turo min hotuna a waya, don Allah zo ki taya ni zaɓe." Na je na tarar da zaɓi uku a gabanta, kuma su ne dai ukun da kusan duk mai makaranta ke fuskanta.

Na farko, bango huɗu kowanne da launinsa: ja, ruwan ɗorawa, kore shar, shuɗi, an cika su da 'yan katun da haruffa da lambobi da jirgin sama da zaki. Na biyu, fari ko ruwan madara daga sama har ƙasa, babu ko ɗigo. Na uku, bango uku masu haske da sanyin ido, bango guda mai launi, a bar sauran kalar ta fito daga kujeru da tabarmi da aikin da yara suka yi da hannunsu. Na koyar shekaru a aji irin na farko, na koyar a irin na biyu, daga baya na samu dama na tsara na uku da kaina. Don haka ba zan ɓoye inda na karkata ba. Amma kowannensu yana da abin da yake bayarwa da abin da yake karɓewa, kuma ɗakin wani ba irin na wani ba ne.

Bari in fara da mai kala-kala, domin shi zuciya ta fi so. Mu mutane ne masu son launi. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ya kalli zanenta, ko ya shiga ɗakin amarya ya ga jere, ya san idonmu bai saba da bango tsirara ba. Uwa ta leƙo aji ta ga bango yana walwali, sai ta ji a ranta cewa a nan an damu da ɗanta. Ga makarantar da kuɗin iyaye ke riƙe da ita, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaro ma a ranar farko, yana kuka yana cukuikuye da mayafin uwarsa, sau da yawa zomon da ke jikin bango ne ke sa ya saki.

Matsalar tana bayyana ne wajen mako na uku, lokacin da kuka ya ƙare aka shiga karatu. Ba na manta wani yaro ɗan shekara huɗu da ke zama kusa da bangon da aka zana zaki. Wata safiya ina riƙe da murafan kwalba biyar muna ƙirge, ɗaya, biyu, uku, sai ya ɗaga hannu. Na ɗauka huɗu zai ce. Sai ya ce, "Anti, me ya sa zakin nan ba shi da wutsiya?" Tambaya ce mai kyau, na kuma amsa masa. Amma kafin in rufe baki yara goma sha sun waiwaya suna neman wutsiyar, aka ɗauki mintuna kafin a dawo kan murafan. A wannan ajin ne kuma na lura cewa idan na ɗaga jan kofi ina cewa "wannan ja ne", bangon da ke bayana shi ma ja ne, sai kofin ya saje da shi. Yaran da ke layin baya hannuna kawai suke gani.

Abin da na gani da idona, wasu sun auna shi. A 2014 Anna Fisher da abokan aikinta na Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka suka ɗauki yara 24 'yan ajin share fagen firamare, suka koya musu darussan kimiyya shida. Uku a ɗakin da aka cika bangonsa da taswirori da hotuna da zane-zane, uku a ɗakin da aka kwashe komai. A ɗakin da aka ƙawata, yaran sun shafe kusan kashi 39 cikin 100 na lokacin darasi hankalinsu yana wani wuri. A ɗakin da ba komai, kusan kashi 28. Da aka yi musu tambayoyi bayan darasi, sun ci kashi 42 a na farko, kashi 55 a na biyu. Yaran ba su da yawa, darussan gajeru ne, kuma su kansu masu binciken ba su ce a tsige komai daga bango ba. Sun ma lura cewa a ɗakin da ba komai yaran sun fi shagala da junansu. Duk da haka dalilin a fili yake. Ɗan shekara huɗu bai gama mallakar ikon da babba yake da shi na kawar da ido daga abin da ba ya buƙata ba. Duk abin da ke bango yana kiransa, kuma muryar malama ɗaya ce daga cikin masu kiran.

Akwai wata illar da ba a faɗa. Abin da aka zana da fenti ya zauna ke nan har shekara biyu ko uku. Darasin wannan mako ya wuce, na gobe ya zo, bango yana nan yadda yake. Sannan mai zane abin da ya gani a waya yake kwafowa: tuffa da dusar ƙanƙara da gida mai bututun hayaƙi. Da wuya ka ga mangwaro ko ƙwarya ko rumbu, balle ƙ da ɗ da ɓ da yaro zai buƙata ranar da zai rubuta sunan ƙaninsa. Makarantun da ke haɗa boko da Islamiyya kuma suna da nasu lissafin, domin akwai iyayen da ba sa son hoton mai rai a bangon ɗakin da ake karatun Alƙur'ani. Gara a yi wannan tunanin kafin a biya mai zane.

To, sai mutum ya ce a shafa fari a huta. Farin bango yana da babbar fa'ida guda wadda a ƙasarmu ta fi ƙarfin a raina ta, wato haske. Farin fenti yana maido da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, ja mai duhu ko shuɗi mai duhu kuwa shanye yawancinsa suke yi. A ajin da wutar lantarki ba ta da tabbas, taga ce fitila, bango kuma shi ke raba hasken zuwa lungu. Na taɓa shiga wani aji mai taga guda da aka shafe da shuɗi mai duhu, ƙarfe goma na safe amma kamar ana shirin kiran magariba, yara sun sunkuya hancinsu na taɓa littafi. Fari ya fi araha, ba ka biyan mai zane, kuma idan wani wuri ya lalace ana iya gyara shi ba tare da neman kalar da ta dace ba.

Amma fari fat shi ma yana da nasa. Hunturu guda ya ishe shi ya koma ruwan ƙasa, kuma daga ƙasa zuwa tsayin ƙugun babba za ka ga tarihin duk abin da yara suka ci: shatin yatsu na manja, cakulan, jan biro. Idan rana ta faɗo kai tsaye a kansa yana kashe ido. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne yadda yake sa ɗaki ya yi kama da na asibiti. Yaro ɗan shekara uku da aka raba da gida karon farko yana buƙatar abin da zai ce masa wurin nan naka ne. A ajin farin da na koyar, yaran ba su shagala da bango ba, gaskiya ne, amma sun fi saurin gajiya da zama, kuma babu wanda ya taɓa jan hannun uwarsa ya ce ta zo ta ga ajinsu.

Binciken da ya fi taimaka min wajen raba wannan gardama daga Ingila ya fito. Farfesa Peter Barrett da tawagarsa a Jami'ar Salford sun bi azuzuwa 153 a makarantun firamare 27, suka duba ci gaban yara 3,766 a karatu da rubutu da lissafi na tsawon shekara guda, suka fitar da sakamakon a 2015. Sun gano cewa yanayin ginin aji ya bayyana kashi 16 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin ci gaban yaran. A cikin wannan kason, kusan rabi na haske ne da zafi ko sanyin ɗaki da ingancin iska. Launi da yawan tarkacen bango sun ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Abu biyu na ɗauka daga nan. Na farko, mai makarantar da ke da kuɗin abu guda, taga ta biyu ta fi masa mai zane amfani. Na biyu, a fannin launi, azuzuwan da aka yi wa manyan launuka masu ƙarfi ba su yi kyau ba, waɗanda aka bari fari fat su ma ba su yi ba. Waɗanda suka fi su ne masu bango mai haske da aka ware wa bango guda launi. Sun kuma ba da shawarar a bar kashi 20 zuwa 50 na bango babu komai a kansa. 'Yan firamare suka duba, a ƙasa mai sanyi da ƙarancin rana, don haka ba za a ɗauko shi a dasa a Gusau ko Damagaram yadda yake ba. Amma ya yi daidai da abin da na gani a ɗakuna uku.

Wannan shi ne zaɓi na uku, kuma ga yadda yake a aikace. Silin fari. Bango uku ruwan madara, ko kore mai haske ƙwarai, ko ruwan bula da aka tsinka har ya kusa zama fari. Bangon da allo yake, wanda yara ke fuskanta yawancin yini, shi ya kamata ya fi kowanne shiru: allo, sai abin da ake koyarwa a wannan makon kaɗai. Bangon da za a ba launi mai ɗan ƙarfi shi ne na baya ko na gefe, wajen wasa da ajiye jaka. A jikinsa a kafa katako ko a ɗaura igiya da 'yan maƙalai daidai tsayin idon yaro, a riƙa rataya zanen da suka yi, ana sauyawa. Ranar da na fara haka, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta tsaya gaban takardarta, wadda ta shafa wa ruwan goro da tafin hannunta, tana nuna wa duk wanda ya shigo. Babu zanen gwanin mai fenti da ya taɓa tsayar da ita haka.

Wanda ya san asalin tsarin Montessori ba zai yi mamaki ba. Maria Montessori ta buɗe ajinta na farko a Roma a 1907, kuma azuzuwan da ke bin tsarinta da gaske bangonsu shiru ne, kayan katako ne, launin yana cikin abin da yaro ke riƙewa. Akwatin farko na koyon launi a tsarin ƙananan alluna shida ne kacal: ja biyu, ruwan ɗorawa biyu, shuɗi biyu, yaro ya haɗa kowanne da ɗan'uwansa. Makarantunmu da yawa sun sa wannan suna a allon ƙofa, kuma ina ganin wannan ɓangaren na tsarin shi ne mafi sauƙin ɗauka, don ba ya cin kuɗi. Murafan kwalba, ƙyallayen atamfa daga wurin tela, faifai, busasshen zoɓo a kwalba, ganyen darbejiya, duk kayan koyon launi ne. Harshenmu ma ya riga ya yi mana rabin aikin, tunda sunayen launukanmu daga abubuwa suka fito: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan hoda, ruwan ƙasa. Ka kawo garin ɗorawa a tafin hannu, ka gama darasin.

Raunin wannan zaɓin shi ne yana buƙatar malama mai himma. Bangon mai zane yana nan ko malama ta yi aiki ko ba ta yi ba. Wannan kuwa idan aka bar takardun zangon farko suna lilo har zango na uku, sun yi ƙura sun naɗe, ya fi kowanne muni. Kuma a ranar da iyaye ke zagayen neman makaranta, ba ya ɗaukar ido kamar na maƙwabta. Maganin da na gani yana aiki shi ne a kai zanen waje. Katangar harabar wasa da ƙofar shiga da baranda, a yi musu duk kalar da ake so. A can ana son yaro ya yi tsalle ya yi ihu, kuma can ne iyaye ke fara gani.

Sau da yawa ana tambayata wane launi ne ke sa yaro ƙoƙari, don an karanta a intanet cewa shuɗi na kwantar da hankali, ruwan ɗorawa na buɗe ƙwaƙwalwa, ja na sa faɗa. Ina ba da shawarar a yi taka-tsantsan da irin wannan magana. A ƙarshen shekarun 1970 wani mai bincike, Alexander Schauss, ya yi iƙirarin cewa wani nau'in ruwan hoda yana sanyaya masu tayar da hankali, aka shafa shi a wani gidan tsare sojojin ruwa a Seattle, gidajen yari da dama suka kwaikwaya. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba su tabbatar da iƙirarin ba. Abin da ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne ƙarfin launi da faɗin wurin da ya rufe sun fi sunansa tasiri. Kore mai haske da kore shar duk kore ne, amma zama a cikinsu awa biyar ba ɗaya ba ne.

Yanzu ga batun da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina, wanda kuma mai fenti ba zai ɗago maka shi ba: dalma. An daɗe ana amfani da sinadaran dalma wajen fito da ruwan ɗorawa da ruwan goro da ja masu ƙarfi a fentin mai, da kuma sa shi saurin bushewa. Amurka ta hana irin wannan fenti a gidaje tun 1978. Ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke kiran ƙasashe su bi shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan, kuma gwaje-gwajen da aka yi wa fentin mai na kasuwannin Najeriya sun sha gano waɗanda suka zarce haka nesa ba kusa ba, musamman masu ruwan ɗorawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Mu a Arewa mun san sunanta tun 2010, lokacin da yara kusan 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara. Can daga niƙan duwatsun zinare ta fito, kuma yawanta ya wuce na fenti ƙwarai. Ta fenti a hankali take shiga. Bango ya tsufa ya fara ɓarewa, ɓawon ya zama ƙura a ƙasa, yaro ya dafa ya kai hannu baki. Ba zazzaɓi, ba kuka, sai dai a ga yaro ba ya riƙe karatu a ce ba shi da kai.

Ka ga ke nan launukan da aka fi so a ajin nazire su ne aka fi zargi, kuma masu zane da fentin mai suka fi aiki don ya fi ƙyalli. Wannan kaɗai ya isa ya rinjayar da ni daga zaɓi na farko. Fentin ruwa da wuya a same shi da dalma, warinsa kaɗan ne, yana bushewa da wuri, sai dai na arahar cikinsa ba ya jure wanki. Fentin mai yana wankuwa da soso, shi ya sa aka saba shafa shi a rabin bango na ƙasa, wato daidai inda hannu da bakin yaro suke kaiwa. Idan da hali, a sayi fentin ruwa mai wankuwa a yi ƙasan da shi. Idan dole sai na mai, a sayi na sanannen kamfani wanda aka rubuta a jikin gwangwaninsa cewa babu dalma, a guji na awo da ake ɗurawa a galan marar suna. Haka kujeru da lilo da ƙarafan taga, su ma fentin mai ake shafa musu kuma su yara suka fi gatsa. Tsohon fentin da ke ɓarewa kada a kankare shi a bushe, a jiƙa shi tukuna, a kwashe ɓawon, a goge ƙasa da ruwa, kuma kada yaro ko mai juna biyu su kusanci wurin. Makarantar ƙauye da ba ta da kuɗin ko ɗaya, farar ƙasa ta wadatar. Tana gogewa a jikin riga, tana son sabuntawa duk shekara, amma tana ba da haske.

Sauran abubuwan ɗakin ne zai faɗa maka. Aji ƙarami mai taga guda ba shi da zaɓi, sai mafi hasken launi, ko bango guda mai kala ma a rage ƙarfinsa. Ajin da ke kallon yamma, wanda rana ke duka a watan Afrilu, fari mai sheƙi zai kashe ido, gara kore ko shuɗi mai haske marar ƙyalli, a kuma shafa wa bayan ginin fari don ya rage ɗaukar zafi. Lungun barci ba ya son komai a bango. Ɗakin jarirai kuma lissafinsa daban: sabon haihuwa bambancin fari da baƙi ya fi gani, sai wajen wata huɗu zuwa biyar yake rarrabe launuka sosai, kuma yawancin lokacinsa a kwance yake yana kallon sama, don haka abin da aka rataya a samansa ya fi fentin bango muhimmanci gare shi. A kowane aji kuma ana iya samun yaro, galibi namiji, da idonsa ba ya rarrabe ja da kore tun haihuwa. Idan an raba ƙungiyoyi ko wurin ajiye jaka da launi, a haɗa da siffa, ja da tauraro, kore da da'ira, don kada a riƙa yi masa faɗa a kan abin da ba ya gani.

Ƙawata ta ɗauki na uku, amma sai da ta yi ciniki da zuciyarta. Ta bar mai zane ya cika katangar harabar da raƙuma da bishiyar kuka da haruffa, har da ƙ da ɗ da ɓ, bayan ta sa ya nuna mata gwangwanayen da zai yi aiki da su. Cikin ajin ta yi ruwan madara, bangon baya kore mai haske, ta sayo tabarmi masu launi daga kasuwar Kurmi. Kuɗin da ya ragu ta nemi izinin mai gida ta fasa taga ta biyu. An gama fentin saura mako uku a koma, aka bar tagogin a buɗe har warin ya fita.